Takunkumin tattalin arziki: tambayoyin ƴan kasuwa da lauyoyin Maradi, da amsoshinsu

Tun damanar 2023, da aka rufe iyakokin Nijar bayan juyin mulki, maganar takunkumi ta shiga bakin kowa a Maradi, daga babbar kasuwa har shingen duwan na Ɗan Isa. Da aka buɗe iyaka motoci suka koma hanya, jama'a da yawa sun ɗauka an rufe babin. Takunkumin da ya rufe iyaka shi ne ya tafi. Akwai wani da ke nan tun kafin 2023, yana nan har gobe, sunayen mutane da na kamfanoni yake bi, kuma a banki yake tare ɗan kasuwa. Shi ya fi damuna, domin mafi yawan alhazanmu ba su san da shi ba sai ranar da kuɗinsu suka tsaya a hanya.

Wa ke da ikon ƙaƙaba takunkumi, kuma wanne ne ya hau kanmu a Nijar?

Hannu uku ne. Na farko Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya, bisa sashe na 41 na kundin Majalisar. Sashe na 25 ya wajabta wa kowace ƙasa mamba ta aiwatar da abin da kwamitin ya yanke, Nijar kuwa mamba ce tun 1960. Don haka jerin sunayen waɗanda Majalisar ta sa wa takunkumi doka ne a kanmu. Na biyu ƙungiyoyin yanki, irin su CEDEAO (ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma) da UEMOA (ƙungiyar ƙasashen yankin masu kashe sefa) da Tarayyar Afirka. Na uku ƙasashe ko gungun ƙasashe da ke yin nasu: Amurka ta hannun ofishin OFAC na ma'aikatar baitulmalinta, Tarayyar Turai, da Birtaniya ta hannun ofishin OFSI.

Alƙalin Maradi ba zai hukunta ka da dokar Amurka ba. Sai dai ƙarfin wannan doka yana iso mu ta wata ƙofa, za mu zo wurin.

Akwai kuma na cikin gida. A watan Agustan 2024 hukumomin Nijar sun kafa kundin sunayen waɗanda ake tuhuma da ta'addanci ko cin amanar ƙasa, kuma shiga kundin yana jawo daskarar da dukiya, wato a hana mai ita taɓa ta.

Me CEDEAO ta hana a 2023, me ya saura a yau?

Kwana huɗu bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, shugabannin CEDEAO suka zauna a Abuja ranar 30 ga Yuli. Suka rufe iyakokin ƙasa da na sama, suka dakatar da duk wata hulɗar ciniki da ta kuɗi da Nijar, suka daskarar da kadarorin gwamnati da na kamfanoninta a babban banki da bankunan kasuwanci, suka tsayar da tallafin bankunan raya ƙasa na BOAD da BIDC. UEMOA ta bi sahu. Najeriya, wadda a lokacin ke ba Nijar kusan kashi 70 cikin ɗari na wutar lantarki, ta yanke layi. Mu da ke shan wuta ta layin Katsina zuwa Gazawa ba sai an ba mu labari ba.

Ranar 24 ga Fabrairu 2024 CEDEAO ta ɗage matakan tattalin arzikin. Najeriya ta ba da umarnin buɗe iyaka ranar 13 ga Maris, Nijar ta buɗe nata ɓangaren ranar 22 ga Maris. Ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso daga CEDEAO, wadda aka sanar ranar 28 ga Janairu 2024, ta tabbata ranar 29 ga Janairu 2025. Amma Nijar tana cikin UEMOA, sefa muke kashewa, ƙa'idojin BCEAO, babban bankin ƙasashen sefa, ne bankunanmu ke bi, kuma dokokin kasuwanci na OHADA, waɗanda Nijar ke tarayya a cikinsu da wasu ƙasashen Afirka, ba su motsa ba.

A kula da bambanci ɗaya. Ci gaba da rufe iyakar Benin bayan an ɗage takunkumi, da hana fitar da hatsi da gwamnati ta yi a watan Oktoban 2024, matakai ne na hukumomin Nijar da kansu. Haka rufe iyakar da Najeriya ta yi daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020 matakinta ne na kanta. Ga ɗan kasuwa zafin ɗaya ne, amma lauya dole ya san wace hukuma ce ta yi dokar, domin a kanta zai gina hujja.

Lauya, me ya sa kotu ba ta ceci Nijar ba, alhali an ce Mali ta yi nasara?

Ranar 24 ga Maris 2022 kotun UEMOA da ke Wagadugu ta ba da umarnin dakatar da takunkumin da aka sa wa Mali. Umarnin ya zauna a takarda, ba a ɗage takunkumin ba sai a taron Akara na 3 ga Yuli 2022. Nijar ta je kotun CEDEAO a Abuja tana neman a dakatar da nata takunkumin, ranar 7 ga Disamba 2023 kotun ta ƙi karɓar buƙatar, bisa cewa gwamnatin soja ba ta da hurumin tsayawa a gabanta da sunan ƙasa.

A ganina hujjar Nijar tana da nauyi. Sashe na 45 na yarjejeniyar CEDEAO ta 2001 kan dimokuraɗiyya ya ambaci ƙin goyon bayan ƴan takarar ƙasa, ƙin yin taro a cikinta, da dakatar da ita daga zaman ƙungiya. Bai ambaci hana magani da wuta ba. Masu kare matakin suna dogara da ƙarin dokar 2012 kan takunkumi. Ko ma wa ke da gaskiya, darasin ga ɗan kasuwa shi ne kotunan yanki ba su fitar wa kowa da kontenarsa a kan lokaci ba.

Kayana sun maƙale a Kwatano watanni. Mai kaya na neman kuɗinsa, kamfanin jirgi na neman kuɗin jinkirin kontena, wanda na yi wa alkawari a Kano na neman diyya. Wa zai ɗauki hasara?

Wannan ita ce tambayar da ta fi cin mutane, kuma ba a amsa ta da kalma ɗaya, domin kwangila uku ce daban, kowace da hukuncinta.

Tsakaninka da mai kaya na waje, abin dubawa shi ne lokacin da haɗarin kaya ya koma kanka. In a kan sharuɗɗan jigilar ruwa da ake kira FOB ko CIF kuka yi ciniki, da zarar an loda kaya a jirgi a can tashar tashi, abin da ya same su naka ne. Mutane da yawa suna ɗauka CIF na nufin mai kaya ne ke da alhaki har Kwatano, tunda shi ya biya kuɗin jirgi da inshora. Ba haka ba ne. Ya biya kuɗin, amma haɗarin ya bar hannunsa tun a lodi. Bashin kuɗin kaya kuwa, a fahimtar da aka fi bi, rufe iyaka ba ya kashe shi. Iyakar abin da zai yi shi ne ya ba ka uzurin jinkiri in hanyar biyan ce aka toshe.

Tsakaninka da mai saye a Kano kana da hujja mai ƙarfi. Sashe na 294 na dokar OHADA kan kasuwanci ya sauke alhaki daga wanda ya tabbatar cewa wani abu da ya fi ƙarfinsa, wanda ba a iya hango shi ba, shi ya hana shi cika alkawari. Shi ne lauyoyi ke kira force majeure, kuma sashe na 1148 na dokar farar hula yana faɗin makamancin haka. Amma a duba ranar da aka ƙulla ciniki. Wanda ya yi alkawari a watan Yuni 2023 bai hango komai ba. Wanda ya yi alkawari a watan Oktoba, iyaka na rufe, ya san abin da ya taka. Za a kuma tambaye ka ko akwai wata hanya. Lokacin da kaya suka fara biyowa ta Lome, su ratsa Burkina Faso ta Kaya da Dori zuwa Tera da rakiyar soja, abokin shari'arka zai ce hanya ta yi tsada ne kawai, ba ta toshe ba. Tsada kaɗai ba ta cika sauke alhaki. Shi ma mai neman diyyar, sashe na 293 ya ɗora masa ya yi abin da zai rage hasararsa, ba ya naɗe hannu yana lissafi ba.

Kuɗin jinkirin kontena kuwa yana rubuce a sharuɗɗan takardar lodin jirgi, kuma kwanaki suna tafiya ko iyaka na buɗe ko tana rufe. Nan sulhu da neman rangwame ya fi ƙara amfani.

Kar a yi sakaci da wa'adi. Ƙarar da ta taso daga cinikin kaya tsakanin ƴan kasuwa tana da shekara 2 a dokar OHADA, sauran basussukan kasuwanci shekara 5. Mai haƙƙin 2023 da bai motsa ba ya ga lauya a wannan makon, a lissafa masa daga wace rana wa'adinsa ya fara.

Ni Bamaradi ne, ban taɓa zuwa Amurka ba. Ina ruwana da OFAC?

Ruwanka dala. In ka biya mai kaya a Dubai ko Gwanzu da dalar Amurka ta banki, kuɗin ba sa tashi daga Maradi su sauka can kai tsaye. Bankinka yana da wakilin banki a waje, kuma dala tana ratsawa ta wani banki a Amurka. Da ta ratsa, dokar Amurka ta hau kanta. Yuro ma haka yake da dokar Turai, sefa kuwa a ɗaure take da yuro, yuro ɗaya kusan sefa 656.

Bankunan nan ba sa wasa da wannan saboda sun ga abin da ya faru. A 2014 bankin BNP Paribas na Faransa ya amince da biyan kusan dala biliyan 8,9 saboda ya wuce da kuɗin Sudan da Iran da Kuba ta Amurka. Tun daga nan manyan bankuna suka gwammace su yanke hulɗa da ƙaramin banki a Afirka da su ɗauki kasada. Bankinka na Maradi yana tsoron rasa wakilinsa na waje fiye da yadda yake tsoron rasa ka, ko da kai ne babban mai ajiyarsa. Shi ya sa yake tambayarka takardu har ka ji kamar ana zarginka.

Abu biyu kuma. Tarar OFAC ba ta buƙatar a tabbatar da niyya, "ban sani ba" ba ya wanke mutum. Sannan a 2024 Amurka ta tsawaita wa'adin bin irin wannan laifi daga shekara 5 zuwa 10.

To Amurka da Turai sun sa wa Nijar takunkumi ne?

Ba irin wanda ya hana ciniki da ƙasar ba. Amurka ta ayyana abin da ya faru a matsayin juyin mulki a watan Oktoban 2023, ta dakatar da wani ɓangare na tallafi, ta cire Nijar daga AGOA, tsarin rangwamen haraji ga kayan Afirka masu shiga Amurka, daga 1 ga Janairu 2024. Ranar 23 ga Oktoba 2023 Tarayyar Turai ta kafa tsarin da zai ba ta damar sa sunayen mutane a jerin takunkuminta. Fitar da aya ko riɗi ko fata zuwa can bai zama laifi ba.

Na tura kuɗi, sun yi makonni ba su isa ba, banki ya ƙi gaya mini dalili. Me zan yi?

Da farko ka nemi banki ya ba ka takardar shaidar turawa ta SWIFT (hanyar saƙon kuɗi tsakanin bankuna) da lambar bin sawu, a ga inda kuɗin suka tsaya. Hali uku ne. Ko ana neman ƙarin bayani, ko an ƙi wucewa da su za a mayar maka, ko an daskarar da su. Na farko shi ya fi yawa, maganinsa takardar farashin kaya, takardar lodi, rajistar kasuwancinka da cikakken sunan mai karɓa. Na uku shi ne mai wuya: bankin Amurka yana ajiye kuɗin a asusu na musamman, ya sanar da OFAC cikin kwanakin aiki 10, kuma ba su fita sai da izinin OFAC a rubuce, wanda kai ko lauyanka za ku nema.

In shirun daga bankinka na gida ne, kar ka ɗauka wulaƙanci ne. Doka ta hana ma'aikacin banki gaya wa mai asusu cewa an kai rahotonsa ga CENTIF, hukumar da ke bincikar bayanan kuɗi. Abin da ba zan ba kowa shawara ba shi ne ya sake tura kuɗin da sunan ƙanensa, ko ya raba su ƙanana ƙanana. Wannan shi ne ainihin alamar da ake koya wa ma'aikatan banki su nema.

Ai shi ya sa muke bin ƴan canji. A ba da sefa ko naira a nan, a karɓi dirhami a Dubai. Akwai matsala?

Na san dalilin: sauri, sauƙi, da amana ta shekaru. Lokacin takunkumin 2023 wannan hanya ce ta ciyar da gidaje da yawa. Matsalar ita ce ba ka san kuɗin wa aka haɗa da naka ba, ba ka san kuma asusun wa ya biya mai kayanka ba. A watan Maris 2022 OFAC ta sa sunayen ƴan Najeriya 6 da kotun Daular Larabawa ta riga ta samu da laifin tura wa Boko Haram dala 782.000 daga Dubai. Boko Haram tana jerin Majalisar Ɗinkin Duniya tun Mayun 2014, ƙungiyar JNIM mai alaƙa da Al-Ƙa'ida tun 2018, ISWAP (reshen ƙungiyar IS na Afirka ta Yamma) da reshen IS na Sahara tun Fabrairun 2020. Duk a kewayenmu suke, kuma masu bincike sun san hanyoyin kuɗinsu suna cuɗanya da na fatake masu gaskiya.

Ga matsala ta biyu, ta kusa. Ranar da mai kaya ya ce bai ga kuɗi ba, me za ka nuna wa alƙali? Saƙon murya a WhatsApp ba ya kai takardar banki. In dole ce ta sa ka bi wannan hanya, ka yi da mai lasisi, ka karɓi rasit mai suna da rana da adadi, mai kayan kuma ya rubuto maka cewa ya karɓa.

Sunana ya zo daidai da na wani da ke cikin jeri. Shi ke nan na shiga uku?

A'a, Alhaji. Wannan yana faruwa kullum a ƙasar da Abubakar da Muhammadu da Ibrahim suka cika kowace unguwa, ga kuma rubutun suna iri biyu, na Faransanci a Nijar, na Ingilishi a Najeriya. Na'ura tana kama kamanni ne, mutum ke tantancewa. Ka kai fasfo, takardar haihuwa da rajistar kasuwanci, a gwada ranar haihuwa da garin haihuwa. Ka kuma daidaita rubutun sunanka a duk takardunka. Mahamadou a fasfo, Mamman a takardar farashi, Muhammad a asusu, wannan kaɗai yana iya tsayar da kuɗi.

Kamfanin da nake saye a wurinsa ba ya cikin jeri, amma an ce mai shi yana ciki.

Ka tsaya. A ƙa'idar OFAC, kamfanin da waɗanda ke cikin jeri suka mallaki kashi 50 cikin ɗari nasa ko fiye, ko mutum ɗaya ne ko an haɗa hannun jarinsu, ana ɗaukarsa kamar yana ciki ko ba a rubuta sunansa ba. Turai da Birtaniya suna ƙarawa da duba wanda ke juya kamfanin a zahiri, ko da hannun jarinsa kaɗan ne.

Taki da alkama na Rasha fa? Kayan Iran fa?

Amurka da Turai ba su hana ƙasashen Afirka sayen hatsi da takin Rasha ba. Wahalar tana wurin biya, domin an cire wasu bankunan Rasha daga SWIFT tun Maris 2022, wasu kamfanoni da jiragen ruwa kuma suna cikin jeri. Sai a duba mai sayarwa, bankinsa da jirgin. Iran ta fi tsauri. Amurka ta mayar da takunkuminta a 2018, kuma tana iya hukunta wanda ba Ba'amurke ba in ya yi hulɗa da wasu sassan tattalin arzikin ƙasar. Kayan Iran da aka sake wa takardar asali a Dubai tarko ne, domin ƙaryar takarda laifi ce mai zaman kanta a duwan ɗinmu ma.

Ƙungiyar agaji ce ta ba ni kwangilar kai abinci da magani. Takunkumi ya shafe ni?

Ƙuduri mai lamba 2664 na 9 ga Disamba 2022 ya ware aikin jinƙai daga daskarar da dukiya ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ga hukumomin Majalisar da ƙungiyoyin da ke aiki da su. Ka ajiye kwangilar da takardun isar da kaya, su ne shaidarka a banki. Rashin irin wannan keɓewa a fili a matakin CEDEAO na 30 ga Yuli shi ne abin da ya fi ƙona mini rai, domin motocin abinci da magani sun yi layi a Malanbil, kan iyakar Benin, yayin da marasa lafiya ke jira.

Mu lauyoyi, ina sirrin sana'a ya tsaya?

Dokar 2016-33 ta 31 ga Oktoba 2016 kan halasta kuɗin haram da tallafa wa ta'addanci ta sa lauyoyi da akantoci cikin waɗanda ke da nauyin sanin abokin hulɗa da kai rahoton abin zargi, kuma sabuwar dokar bai ɗaya da ministocin yankin sefa suka amince da ita a 2023 ta bi wannan layi. Nauyin yana hawa ne idan lauya yana taimakawa wajen sayen gida ko fili, kafa kamfani, ko riƙe kuɗin wani. Kare mutum a gaban kotu wani abu ne daban, sirrinsa yana nan. Inda abokan aiki suka fi tuntuɓe shi ne karɓar kuɗin aiki daga wanda aka daskarar da dukiyarsa, ko barin kuɗinsa su ratsa ta hannunsu. A nemi izinin hukumar da ta daskarar tukuna.

Me ya kamata a rubuta a kwangila daga yanzu?

Da farko a rubuta ta. Cinikin miliyoyi a Maradi har yanzu yana tafiya da musafaha da shaidar mutum biyu, kuma ina girmama wannan amana, amma bankin waje ba ya karanta musafaha. A sa cewa kowane ɓangare ya tabbatar ba ya cikin jeri, kuma ba na cikin jeri ne ya mallake shi ba. A ambaci rufe iyaka da toshe hanyar biya da sunansu cikin abubuwan da ke dakatar da alkawari, a faɗi kwana nawa za a jira kafin kowa ya iya janyewa, da wanda zai ɗauki kuɗin ajiya da na jinkiri a tsakani. A tanadi tashar jirgi ta biyu da kuɗin biya na biyu. A zaɓi inda za a warware saɓani: kotu, ko cibiyar sulhu da sasanci ta Yamai da ke ƙarƙashin majalisar ƴan kasuwa, ko kotun CCJA ta OHADA a Abijan. Ranar da abu ya faru kuma, a sanar da ɗaya ɓangaren a rubuce nan take, kar a jira sai ya kira.

Ni ƙaramar ƴar kasuwa ce, atamfa da turare nake saro. Ba ni da kuɗin lauya. Yaya zan duba?

Hajiya, dubawar kyauta ce. Jerin Majalisar Ɗinkin Duniya, na OFAC, na Tarayyar Turai da na Birtaniya duk suna intanet, wayar hannu ta isa. Ki rubuta sunan kamfanin da na mai shi, ki ɗauki hoton sakamakon da ranar, ki ajiye. Ki tabbatar sunan da ke kan takardar farashi shi ne sunan asusun da za ki biya. In mai kaya a Turkiyya ya ce ki tura wa wani kamfani a wata ƙasa, ki tambayi dalili a rubuce, in bai gamsar ba ki fasa. Ki adana takardun kowane ciniki shekara 10.

In an sa mutum a jeri bisa kuskure, akwai hanyar fita?

Akwai, sai dai tana da tsawo. Ga jerin Al-Ƙa'ida da IS na Majalisar Ɗinkin Duniya, ƙuduri na 1904 na shekarar 2009 ya kafa ofishin mai sauraron koke, mutum na iya rubuta masa kai tsaye ba sai ta hannun gwamnati ba. OFAC tana karɓar takardar neman a sake duba suna, tare da hujjar cewa kuskure ne ko hali ya canja. A Turai ana rubuta wa Majalisar Tarayyar, ana kuma iya shigar da ƙara a kotunta da ke Luksambur, wadda ta sha soke sunaye saboda raunin hujja. Wa'adin wannan ƙara gajere ne, wata 2 da ƴan kwanaki daga ranar sanarwa, kuma sai lauyan da ke da izinin aiki a Turai ne zai shigar da ita. Kafin a kai ga hukunci ana iya neman izinin cire kuɗin abinci, haya, magani da na lauya daga dukiyar da aka daskarar.